Koyar da halin haske biyu da kwamfuta ɗaya: amsa ga wata malamar Fizis a Agege

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Na karanta tambayarki. Kina koyar da Fizis a ajin SS3 a wata makaranta a Agege, ɗalibai sun haura arba'in, ɗakin gwaje-gwaje sai suna, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ɗaya ce, taki ta kanki. Kin iso darasin nan da ke can ƙarshen tsarin karatun WAEC, wanda ke cewa haske da elektiron kowannensu yana nuna halin igiya, yana kuma nuna halin ƙwaya, yara sun tsare ki da "to Malama, wanne ne gaskiyar a ciki?" Kina son sanin ko manhajojin kwaikwayo na kwamfuta za su fitar da ke, wacce za ki ɗauka, kuma yaya za ki yi da ita.

Za su taimake ki ƙwarai, amma bari in fara da kunyar da na sha. Shekarar da na fara amfani da su na aro majigi, na kashe fitilun aji, na bi manhajoji uku ɗaya bayan ɗaya cikin minti arba'in. Yara suka yi ta "kai!", wasu har da tafi. Na fito ina jin na gama da darasin. Da mako ya zagayo na ce kowa ya zana mini yadda elektiron ke tafiya daga bindigar da ke harbo shi a manhajar zuwa allo. Fiye da rabin ajin suka zana mini ɗan ƙwallo yana tafiya a karkace, sama da ƙasa, kamar maciji a kan yashi. Sun ɗauki igiya, sun ɗauki ƙwaya, sun ɗaura musu aure, suka haifi abin da babu shi a duniya. Laifin ba nasu ba ne. Na nuna musu fim ne, su kuma suka kalla kamar yadda ake kallon fim.

Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kallon manhajar kwaikwayo har yanzu ji ne, an dai sa masa rigar gani. Wanda ya rubuta ta ya riga ya san amsar, ya zuba lissafin a ciki, ita kuma tana zana miki abin da lissafin ya ce. Ba ta da ikon kafa hujja da kanta. Amfaninta shi ne tana ba yaro damar murɗa abu ya ga me zai sauya, cikin daƙiƙa, sau goma idan ya so, abin da a ɗakin gwaji na gaske zai ci kuɗi da kwanaki. Don haka ni ba na kunna ta sai yara sun rubuta hasashensu a takarda, kuma ba na rufe darasin sai na haɗa ta da wani abu na zahiri.

Manhajojin da nake amfani da su na PhET ne, na Jami'ar Kolorado da ke Boulder a Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta Fizis a 2001, shi ya kafa shirin a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke su a ajiye a kwamfuta, ba sai da intanet a aji ba. Uku ne suka shafe ki, ga sunayensu yadda za ki neme su: Wave Interference, Photoelectric Effect, da Quantum Wave Interference. Ta farkon tana buɗewa salin-alin har a waya. Biyun ƙarshe tsofaffi ne, da Java aka rubuta su tun asali, sukan yi gardama a wasu na'urori. Ki gwada su a gida, ki cika batir tun da dare, ba a fafe gora ranar tafiya, kin kuma san yadda wuta take yi mana a garin nan.

Kada ki fara da kwamfuta ma. Ki fara da ruwa. Yaran Legas sun san igiyar ruwa fiye da yadda ni na san ta ina yaro a Arewa. Wanda ya taɓa bin gadar Third Mainland ya leƙa ƙasa ya ga yadda igiyoyin kwale-kwale biyu ke ratsa juna su wuce, ba wadda ta tare wata. Ki kawo faffaɗan tire ki zuba ruwa kaɗan, ki sa yarinya ɗaya ta riƙa taɓa ruwan da yatsu biyu a tare, a kai a kai, wani ya haska fitilar waya daga gefe. Za su ga layukan da ruwa ke tashi sosai, da layukan da ya kwanta kamar ba a taɓa shi ba. Inda tudu ya haɗu da tudu ruwa ya ƙara tashi, inda tudu ya faɗa cikin kwari sun kashe juna. Sai yanzu ki buɗe Wave Interference, ki kunna famfo biyu masu ɗiga, su ga abin da suka gani a tire amma a tsaye cak, ba ya rawa. Daga nan ki sauya zuwa haske, ki sa shinge mai tsaga biyu, ga ratsin haske da duhu a jere a kan allo. Gwajin da Thomas Young ya bayyana ke nan a Ingila a farkon shekarun 1800, lokacin da ra'ayin Newton na cewa haske ƙwayoyi ne yake da rinjaye a can.

Kalmar tsawon igiya takan ba yara wahala, ni kuma na samu sauƙinta a rediyo. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama tashoshin waje ya ji ana cewa "a kan gajeren zango, mita 25". Mitocin nan tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudu na gaba ce. Haske ma irin wannan igiyar ce, zangonsa ne kawai ya yi gajarta sosai: ja kamar nanomita 650, shunayya kamar 400 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Tun da na fara cewa "tsawon zango" ban sake shan wahalar bayani ba.

Abin zahirin da za ki haɗa da shi ba ya da tsada. Ɗan tocilan leza mai jan haske, irin wanda ake samu a Computer Village ta Ikeja, da silin gashi ɗaya. Ki manne gashin a tsaye a bakin lezar, ki haska bango daga nisan mita 3 a ɗaki mai ɗan duhu. Maimakon ɗigo ɗaya za ki ga haske ya bazu gefe da gefe, a yanke-yanke. Idan kaurin gashin ya kai maikuromita 70, wato milimita 0.07, tazarar duhu da duhu za ta kusa santimita 2.8, domin tazarar ita ce tsawon zango sau nisa, a raba da kauri. Ki juya lissafin, su auna tazarar da rula su fitar da kaurin gashin. Na taɓa ganin yara maza biyu suna musu a kan gashin wa ya fi kauri har aka tashi. Lezar dai a hannunki za ta zauna, kada a haska idon kowa ko da wasa.

To, sun yarda haske igiya ne. Ki bar su su kwana a haka. Ina ganin kuskure ne a rushe musu wannan a rana ɗaya, domin abin mamaki ba ya kama wanda bai riga ya sakankance ba.

Rana ta biyu ta Photoelectric Effect ce, kuma a nan nake daɗewa. Manhajar tana nuna fitila tana haska farantin ƙarfe a cikin bututun gilashi, da batir, da ma'aunin lantarki. Akwai abin jan tsawon zango, akwai na ƙarfin haske, akwai zaɓin ƙarfe: sodiyam, zinki, jan ƙarfe, filatinam, kalsiyam, da wani da aka ɓoye sunansa. Ki zaɓi sodiyam, ki sa jan haske a ƙarfi kaɗan. Babu elektiron da ya fita. Ki ɗaga hannunki daga kwamfutar ki tambaye su: idan na ƙure ƙarfin hasken nan, me zai faru? Kowa ya rubuta, ya sa sunansa. Kusan duka za su ce elektiron zai fito, kuma suna da hujja, domin igiyar teku idan ta ƙara ƙarfi tana kwashe abin da ƙarama ta kasa. Sai ki kira wanda ya fi kowa cika baki ya zo ya ja da hannunsa. Ya ƙure, shiru. Ki mayar da ƙarfin ƙasa sosai, ki ja zangon zuwa shunayya. Nan take elektiron ya fara fita, ɗaya-ɗaya. Shirun da aji ke yi a wannan lokacin shi nake jira duk shekara.

Bayanin da Einstein ya kawo a 1905, wanda saboda shi aka ba shi Nobel ta 1921, shi ne haske yana miƙa kuzarinsa ne a ƙunshe-ƙunshe, kowane ƙunshi E = hf, inda E take kuzarin ƙunshin, f take yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa, h kuma take 6.63 × 10⁻³⁴ a ma'aunin jul-daƙiƙa. Ƙunshin nan shi ake kira foton. Ni da danfo nake kwatanta musu. A ce kwandasta ya yanke kuɗin mota naira 500, kuma dokar motar ita ce kowane fasinja mutum ɗaya ne zai biya masa, ba a karo-karo. Ko mutum dubu suka taru a tasha kowa da naira 400, motar nan ba wanda zai shiga. Mutum ɗaya ya zo da 700, fasinjansa ya shiga, ya kuma riƙe canjin 200. Kuɗin motar shi ne kuzarin da ƙarfe ke nema kafin ya saki elektiron, canjin kuma shi ne kuzarin gudun da elektiron ya fita da shi. Ƙara ƙarfin haske ƙara yawan masu biya ne, ba ya ƙara abin da ke aljihun kowannensu.

Ki sa su yi lissafin da kansu. Hanya mai sauƙi: kuzarin foton a ma'aunin eV (elektiron-bolt, ɗan ƙaramin ma'aunin kuzari) shi ne 1240 a raba da tsawon zango a nanomita. Ja mai 650 ya ba da kusan 1.9. Sodiyam yana neman kusan 2.3, don haka bai isa ba. Shunayya mai 400 ya ba da 3.1, canji ya zama 0.8. Su juya batir ta baya a hankali har lantarki ya tsaya, za su ga ya tsaya a wajen bolt 0.8. Iyakar sodiyam tana wajen nanomita 540, cikin kore. Zinki kuwa yana neman kusan 4.3, duk hasken da ido ke gani ba ya motsa shi, sai UV, wanda zangonsa ya fi na shunayya gajarta. Ƙarfen da aka ɓoye sunansa ki bar musu shi aikin rukuni, su nemo iyakarsa su fitar da kuɗin motarsa. Idan suka zana kuzarin gudu a kan yawan kaɗawa, layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa kuma h ce. Aikin da Robert Millikan ya shafe shekaru yana yi ke nan har ya wallafa a 1916, shi da ya shiga aikin bai gamsu da ra'ayin Einstein ba.

Akwai ƙaryar zane a manhajar nan da ya kamata ki faɗa musu da bakinki. Tana nuna elektiron duka suna tafiya a miƙe zuwa ɗaya farantin, a hankali har ido na binsu, alhali a zahiri ta kowace fuska suke fita, da gudun da ya wuce tunani. Idan kika kunna nuna foton, za ki ga 'yan ɗigogi suna zubowa kamar yayyafi. Ɗan lezar nan na hannunki, idan ƙarfinsa miliwat ɗaya ne, yana fitar da foton fiye da 3 × 10¹⁵ a daƙiƙa ɗaya. Kuma babu wanda ya taɓa ganin foton a hanya yana tafiya kamar tsakuwa. Mai zane ne ya rasa yadda zai yi.

Daga nan sai Louis de Broglie na Faransa, wanda a kundin digirinsa na 1924 ya juya maganar: idan igiya tana da halin ƙwaya, me zai hana ƙwaya ta kasance da halin igiya? Ya ce tsawon zangon kowane abu mai tafiya shi ne h a raba da nauyinsa sau gudunsa. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka harba elektiron mai kuzarin eV 54 a kan nikel, suka ga ya fi taruwa a kusurwar digiri 50, daidai da igiya mai zangon nanomita 0.167. A shekarar dai G. P. Thomson ya ga irin haka a Aberdeen. Yara suna son jin cewa mahaifinsa J. J. Thomson ne ya gano elektiron a matsayin ƙwaya a 1897, ya ci Nobel a 1906, ɗan kuma ya ci tasa a 1937 don nuna halinsa na igiya. Wani zai tambaye ki me ya sa ƙwallon ƙafa ba ta yin haka. Ki ba shi alli. Kilo 0.43 a gudun mita 20 a daƙiƙa, zangon ya fito kusan mita 7.7 × 10⁻³⁵. Babu tsagar da za a yi a duniya mai wannan ƙanƙanta.

Zuciyar darasin ita ce Quantum Wave Interference, shafin da ake harba ƙwaya ɗaya-ɗaya. Idan lokaci ya ƙure miki, ki rage komai ki bar wannan. Ki zaɓi elektiron, ki sa tsaga biyu, ki harba guda. Ɗigo ɗaya ya bayyana a allo, a wuri ɗaya, cikakke, ba rabi ba. Kafin ki harba na biyu, yaro ya zo ya ɗora yatsa inda yake zaton zai sauka. Zai kuskure. Na uku ma haka. Ni nakan ja dogon layi a allon aji, duk ɗigon da ya fito wani ya kwafe shi da alli, har mu kai talatin ko arba'in, abin kamar an watsa gero. Sai in tambaya: idan muka kai dubbai, wane fasali zai fito? Mafi yawa za su zana tsibi biyu, ɗaya a bayan kowace tsaga. Sai ki sa ta riƙa harbawa da kanta, ki koma gefe ki yi shiru. A hankali ratsin nan na ranar tire da gashi zai taso daga cikin ɗigogin. Akwai wuraren da elektiron ba ya sauka sam. Ki toshe tsaga ɗaya, sai ga shi yana sauka a wuraren. Ki sa su maimaita wannan da bakinsu: an buɗe ƙofa ta biyu, wurin da ake isa da ƙofa ɗaya ya daina isuwa. Kuma elektiron ɗaya ne a hanya kowane lokaci, balle a ce da ɗan'uwansa ya yi karo.

A nan ne wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malam, ai kwamfuta ce, abin da aka ce ta yi take yi." Na ji daɗin maganar fiye da duk tafin shekarar farko, domin gaskiya ta faɗa. Amsarta tana hannun waɗanda suka yi gwajin da gaske. G. I. Taylor a 1909 ya rage haske ƙwarai, ya bar farantin hoto kusan wata uku, fasalin ya fito. Claus Jönsson a Jamus ya yi gwajin tsaga da elektiron a 1961. Akira Tonomura da abokan aikinsa na Hitachi a Japan sun wallafa a 1989 yadda ɗigogin elektiron ke taruwa ɗaya bayan ɗaya har ratsin ya bayyana, kuma bidiyon yana intanet, gajere ne. Ki sauke shi ki nuna bayan manhajar, ki ce musu wannan ba zane ba ne. A 1999 ma a Biyana ta Ostiriya an ga halin igiya a dunƙulen da ke ɗauke da atam 60 na kabon.

Manhajar tana ba ki damar ɗora na'urar ganowa a bakin tsaga. Da kin kunna ta, ratsin ya ɓace. Ki yi hattara a nan, domin yara za su ce elektiron ya san ana kallonsa, wani ma zai sako aljanu a zancen, kuma bidiyoyin waya sun cika da irin wannan shirme. Idon mutum ko tunaninsa ba su da hannu a ciki. Abin da ke ɓata ratsin shi ne elektiron ya yi mu'amala da wani abu har ya bar alamar tsagar da ya bi, ko da babu kowa a ɗakin.

Sai tambayar da suka tsare ki da ita, wanne ne gaskiya. Abin da nake ce wa nawa shi ne, igiya da ƙwaya sunaye ne da muka samo daga ruwa da tsakuwa, abubuwan da hannunmu ke taɓawa. Elektiron ba ruwa ba ne, ba tsakuwa ba ne. Idan za ki lissafa inda zai iya sauka, lissafin igiya za ki yi. Idan ya sauka, a wuri ɗaya yake sauka, da cajinsa cikakke. Gajimaren da manhajar ke nunawa yana ratsa tsagogin biyu ba naman elektiron ba ne da aka baza, taswirar yiwuwa ce, inda ta yi kauri nan aka fi sa ran samunsa. Max Born ne ya kawo wannan fassarar a 1926. Me elektiron yake yi a tsakanin bindiga da allo? A kan wannan masana har yau suna da mazhabobi, duk da lissafinsu ɗaya ne, kuma ban ga aibin ki gaya wa ɗan SS3 haka ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne zanen macijin nan. Ki zana shi da kanki a allo, ki soke shi da babban kuros a gabansu.

Maganar kwamfuta ɗaya da yara arba'in kuwa, da babu gara ba daɗi, har ma na ga tana da wata fa'ida: tun da ba kowa ke riƙe da na'ura ba, dole a yi musu kafin a taɓa. Ki raba su rukuni biyar ko shida, kowane rukuni ya aiko wakili ya murɗa abu ɗaya, sauran su riƙe takardun hasashensu. Idan makarantar tana da talabijin, wayar HDMI ta wadatar. Manhajar farkon nan mai igiyar ruwa su buɗe ta a wayoyin gida.

Kada kuma daɗin kallo ya mantar da ke jarrabawa. A takardar WAEC ko ta JAMB ba za a ba su abin ja ba. Za a ce su kawo abin da ke nuna halin igiya da wanda ke nuna halin ƙwaya, su yi aiki da hf = W + KE (W kuɗin motar, KE canjin), su fitar da zangon de Broglie, kuma sau da yawa da jul za a ba da kuzari, ba eV ba. Ki ware minti ashirin na ƙarshe, kwamfuta a rufe, su sake lissafin sodiyam ɗin nan suna ninka kowane eV da 1.6 × 10⁻¹⁹. A wurin sauya nanomita zuwa mita ne yawancin nawa suke zubar da maki, don haka ki zaga ki duba littattafansu a daidai wannan layin.